Doguwar Kalmar Kimiyya a Bakin Ɗalibi Bahaushe

A makarantun sakandare na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ɗalibi kan ci karo da dogayen sifofin Ingilishi a darasin kimiyya, irin su electromagnetic. Da zarar ya furta ta, sai aji ya fashe da dariya, wani lokaci har da malami. Daga nan yaro kan kame bakinsa, ya daina tambaya, kimiyya ta fita masa a rai. Wannan dariya ba ta da tushe a ilimin harshe.

Masana tsarin sauti sun tabbatar da cewa gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), sai baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ba a fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Ita kuwa waccan kalma gaɓoɓi shida gare ta, wato e-lec-tro-mag-net-ic, kuma a gaɓa ta biyar ake ƙarfafa murya. Gaɓa ta uku ta fara da cunkoson baƙaƙe, shi ya sa Bahaushe kan saƙala wasali ya ce i-lak-ti-ro-mag-na-tik, gaɓoɓin su zama bakwai. Dokar harshensa ya bi, wadda ta samar da burodi da firamare da sukurudireba.

Saboda haka, aikin malami shi ne ya rubuta kalmar a allo, ya yanka ta gaɓa-gaɓa, ɗalibai su tafa sau ɗaya a kan kowace gaɓa, sannan a ware tro a maimaita ta har harshe ya saba. Bayan haka sai a fayyace ma'ana. Rabin farko daga electric yake, kalmar da Hausa ta daɗe da mayarwa lantarki, rabi na biyu kuma maganaɗisu ne. Ɗalibin da ya san haka ba zai ƙara jin tsoron tsawonta ba.

Tun 2011 da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse, ƙofar karatun kimiyya ta matso kusa da 'ya'yan yankin. Malamin Hausa, da yake shi ya fi kowa sanin gaɓa, wajibi ne ya haɗa kai da malamin kimiyya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.