Kafin ka biya kuɗin laftof, taɓa madannai ka dubi fuska

Makon nan za mu tsaya ne a kan ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka, irin na ma'aikatan ofis, waɗanda ake kawowa daga Turai bayan an yi amfani da su, mu kuma muke ce musu Beljiyam. Duk wanda ya leƙa ɗakin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, zai ga su ne suka fi yawa: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook. Dalili a fili yake. Ba su da nauyi, suna shiga jakar goyo, ga ƙwari, har wanda ke zirga-zirga tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma a motar haya ba ya jin su a kafaɗa.

Abin da ke damunmu shi ne yadda muke ciniki. Da mun shiga shago, tambayarmu ba ta wuce uku: Core i nawa ce, RAM nawa, batir awa nawa yake yi? Ba laifi. Amma abin da yatsunka za su taɓa da abin da idonka zai kalla har ka gama firojet, wato madannai da fuskar kwamfutar, ba kowa ke tambayarsu ba.

Mun ga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da mahaifinta ya sayar da buhunan masara ya saya mata ɗaya. Ranar da ta zauna buga babi na ɗaya, ta danna inda ta saba samun A sai ta ga Q ce a rubuce. Kwamfutar ba ta lalace ba, daga ƙasar da ake Faransanci ta fito. A Faransa da Beljiyam ɗin kanta ana amfani da jerin AZERTY, a Jamus kuwa QWERTZ, inda Z da Y suka yi musayar wuri. Namu da muka saba shi ne QWERTY. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, sai dai abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai sauya ba, kuma wasu 'yan kasuwa kan liƙa sitika a kai, wadda zufa da zafin Afrilu ke ɓamɓarewa. Ko tsakanin na Ingila da na Amurka akwai bambanci, domin alamar @ ba wuri ɗaya take ba.

Wannan ya shafi ƙannenmu na sakandare ma. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ana iya zaɓar amsa da A, B, C ko D, a matsa gaba da N, a koma baya da P. Yaron da ya yi atisaye a kan madannai masu wani jeri daban zai ɓata daƙiƙu yana neman harafi a ranar da lokaci ya fi komai tsada.

Gwajin bai da wuya. Ka ce mai shago ya buɗe maka Notepad, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, har lambobi da kibiyoyi. Sannan ka buga jimla biyu da sauri. Maɓallin da sai ka danne shi da ƙarfi, ko wanda ke fitar da harafi biyu a danna ɗaya, zai ƙara muni idan ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashinsa. Ka tambaya ko madannan suna da fitila. A yawancin ThinkPad ana kunna ta da Fn haɗe da dogon maɓallin tazara. Wanda ya taɓa karatun dare bayan an ɗauke wuta ya san amfaninta. Masu nazarin Hausa kuma su sani akwai tsarin madannai na Hausa a Windows, mai ba da ɓ, ɗ da ƙ, sai dai a shiga wurin harsuna a ƙara shi.

Sai fuska, kuma a nan aka fi cutar mu. Kwamfuta biyu na iya zama suna ɗaya, lamba ɗaya, amma fuskarsu daban. ThinkPad X250, alal misali, mai inci 12.5, an fitar da ita da fuska mai ɗigo 1366 × 768, an kuma fitar da ita da mai 1920 × 1080. Ta biyun tana da ɗigo sama da miliyan 2, kusan ninki biyu na ta farkon, don haka rubutu ya fi fita tas, kuma kana iya ajiye littafin PDF a gefe ɗaya, aikinka a ɗaya gefen. Kada ka yarda da baki. Ka shiga Settings, sannan Display, ka karanta lambar da idonka. Idan rubutun ya yi ƙanƙanta a mai 1920, a nan ne za ka ƙara girmansa zuwa kashi 125 ko 150.

Akwai kuma irin gilashin. Mai arha, wanda ake kira TN, da ka ɗan karkata shi sai launi ya dushe ko ya yi duhu. IPS kuwa yana riƙe launinsa ko daga gefe ka kalla, abin da ke da amfani idan ku uku ne kuka taru a kan kwamfuta ɗaya kuna aikin rukuni. Ka tura murfin baya, ka jawo shi gaba, za ka gane wanne ne a hannunka. Ka buɗe farin shafi ya cika fuskar don ganin tabo ko layi, sannan baƙin hoto don ganin ɗigon da ya maƙale. In mai shago ya yarda, ka fito da ita bakin ƙofa, domin fuskar da ke haske a cikin shago mai duhu tana iya komawa madubi a ƙarƙashin darbejiya.

A ganinmu, idan kuɗinka ya tsaya tsakanin Core i7 mai fuskar TN da Core i5 mai IPS da lafiyayyun madannai, ɗauki ta biyun. Word da Excel da binciken intanet ba za su nuna maka bambancin injinan biyu ba. Kuma kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na mayarwa idan maɓalli ya ƙi.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba batir da caja.