Dandalin Samaru da Yaranmu

A tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da Michael Etherton yake assasa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, da ƙasa aka gina dandalin wasanninta, bisa zanen Steven Ehrlich: ɗakuna kewaye da fili, tamkar tsakar gidan Bahaushe. Daga nan ɗalibai suka riƙa shiga ƙauyuka, suna shirya wasanni tare da manoma kan matsalolinsu.

Mu kuwa, darasin al'adu a allo muke ƙare shi, yara suna kwafa. Kukanmu kullum rashin zaure, alhali ga inuwar darbejiya a harabarmu. Muna roƙon reshenmu ya nemi izinin kai 'yan aji shida su ga dandalin nan kafin hutu. Batun kuɗin mota, a kawo shi taro mai zuwa.