Gemun mace ba abin dariya ba ne, kuma ba wuƙa ce maganinsa ba

1/ Tun ina shekara 17 gashi ya fara tsiro min a haɓa. Kullum da safe ni da hantsaki a gaban madubi. A gidan biki an taɓa ce min "Malam mai gemu", aka kwashe da dariya. Yau zan yi magana.

2/ Wata mai tallan kayan gyaran jiki ta ce min akwai "tiyata" da ake cire gashin gaba ɗaya, in turo kuɗi kawai. Ƙarya ce. Ba a yanka fuska a kwashe gashi. 'Yan uwana mata, ku riƙe kuɗinku.

3/ Gashin alama ce, ciwon yana ciki. Galibi sinadaran jiki irin na maza ne suka yi yawa, kuma babban dalili shi ne PCOS: al'ada ta rikice, ƙuraje, ƙiba, wani lokaci jinkirin haihuwa. Nawa ke nan. Gwajin jini da hoton mara suka nuna.

4/ Tiyata tana da wurinta: in ƙari ne ya fito a ma'ajiyar ƙwan mace ko a saman ƙoda yana zubo sinadarin. Ba kasafai ba ne. Amma in gashin ya taso cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, ki tafi asibiti yau, ba gobe ba.

5/ Sauranmu fa? Magani daga likita, a ba shi kamar wata 6 kafin a ga canji. Wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi, don haka banda saye a kemis da ka.

6/ Lesa tana rage gashi, ba ta ƙarar da shi. Tana bin baƙin launi ne, shi ya sa na'urar da ba ta dace ba take ƙona baƙar fata. Ki tambaya ko Nd:YAG ce. In suka fara inda-inda, ɗauki jakarki.

7/ Aski ba ya ƙara wa gashi kauri. Amma man bilicin mai sitiroyid yana iya tsiro da shi. Ku ji da kyau.

8/ Masu tsokana, dariyarku ce ke sa yarinya ta ɓuya a niƙabi shekara da shekaru ba ta ga likita ba. In kana da ƙanwa mai wannan matsalar, ka biya mata kuɗin gwaji. Ku ji tsoron Allah.