A Rage Nauyin Buhu Domin Lafiyar 'Yan Dako

A manyan kasuwannin hatsi na ƙasar nan, kamar ta Dawanau da ke Kano, buhun masara ko gero ko wake yakan kai nauyin kilo 100, kuma har yanzu a bayan ɗan Adam ake ɗora shi. Ɗan dako, wanda sau da yawa nauyin jikinsa bai kai na buhun ba, shi ne zai sungume shi, ya taka katako ya hau babbar mota da shi, ya sauko ya ɗauki wani, tun hantsi har la'asar. Jama'a sun saba da ganin haka har sun ɗauke shi a matsayin jarunta, alhali kuwa ita ce hanyar da ke kai magidanta da yawa ga zaman gida tun ba su tsufa ba.

Ƙashin bayan mutum gaɓoɓi ne a jere, tsakanin kowace gaɓa da 'yar uwarta akwai wani faifan guringuntsi mai rage gogayya. Idan mutum ya sunkuya ya ɗaga kaya, musamman in kayan sun yi nesa da ƙirjinsa ko ya murɗa ƙugu yana ɗauke da su, nauyin da ke sauka a kan gaɓoɓin ƙugu yakan ninka na kayan sau da yawa. Yau da gobe sai faifan ya gurɗe ya danne jijiya, zafi ya riƙa sauka har ƙafa. Yunƙurin ɗaga kaya kuma yana tsananta ƙaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma babu wata cutar da ta fi shi nakasa mutane a duniya.

Ba yau aka fara tunani a kan wannan matsala ba. Tun a shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 127, wadda ta hana a sa ma'aikaci ɗaukar kayan da nauyinsu zai cutar da lafiyarsa, sannan shawarar da ta biyo bayanta ta nemi kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ko wannan ma ya yi yawa. A Ingila, inda aka kafa doka kan ɗaukar kaya a 1992, hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata ta sa kilo 25 ga namiji da 16 ga mace a matsayin ma'aunin da in an wuce shi tilas a sake duba aikin. Ke nan buhun hatsin kasuwanninmu ya ninka wannan ma'auni har sau huɗu.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya durƙusa ya ɗaga kaya da ƙarfin cinyoyinsa, ya manna su a jikinsa, ya juya da ƙafafunsa maimakon ƙugunsa. Babu shakka wannan shawara tana da kyau, amma nazarin likitoci ya nuna horo shi kaɗai ba ya hana ciwon baya, haka nan ɗamarar da wasu ke ɗaurawa a ƙugu ba a tabbatar da amfaninta ba. Babu wata dabarar durƙuso da za ta mai da kilo 100 abin da jiki zai jure. Maganin na cikin buhun kansa.

Abin sha'awa shi ne, ƙaramin buhu ba baƙo ba ne a Nijeriya. Siminti da takin zamani da sukari da shinkafar kamfani duk a buhun kilo 50 suke zuwa, kuma ciniki bai tsaya ba. Ƙasar Kenya ma ta kafa ƙa'ida a 2019 wadda ta tsai da buhun dankalin Turawa a kan kilo 50. Buhun hatsi mai cin kwano 40 in an raba shi biyu ya koma na kwano 20, lissafin ɗan kasuwa ba zai rikice ba.

'Yan kasuwa za su ce kuɗin buhu zai ƙaru, lodi kuma zai ɗauki lokaci. Su ma 'yan dako za su ji tsoron kada a rage musu lada, tun da bisa yawan buhu ake biyansu. Waɗannan koke-koke ne na gaskiya, kuma wajibi ne shugabannin kasuwa da na 'yan dako su zauna su daidaita lada bisa nauyin da aka loda. Amma kuɗin buhu ƙalilan ne in an gwada shi da asarar magidancin da ya kwanta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a asusun inshorar ma'aikata, to amma ɗan dakon da ake sallama da yamma ba shi da rajista a wurin kowa. In bayansa ya ƙage, iyalinsa ne ke ɗaukar nauyin.

Kamata ya yi gwamnati ta fara da kanta. Ma'aikatu da hukumomin da ke sayen hatsi domin makarantun kwana da asibitoci da rumbunan ajiya su rubuta a takardar kwangila cewa ba za su karɓi buhun da ya wuce kilo 50 ba. Jami'in da ke kula da sito ya tanadi kura da baro, ya kuma hana lebura ko masinja kinkimar akwatin ƙarfe ko janareto shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙananan hukumomin da ke karɓar haraji a kasuwa su gina dakalin lodi daidai da tsayin mota, yadda za a daina hawa katako da kaya a wuya. Masu duba ma'aikatu na Ma'aikatar Ƙwadago kuma su riƙa leƙa sito da wuraren gini.

Mai jaki ma yakan auna mangala kafin ya ɗora, domin ya san in dabbar ta karye asararsa ce. Bai dace a ce mutumin da ke ɗauko abincin da ƙasa ke ci ya rasa irin wannan kulawa ba.