Buhun Taki Biyu A Bayan Babur

Ya kai manomi, idan ka sayi taki a Jimeta ka nufi gida ta hanyar Numan, ko ka haye gadar Binuwai ka miƙi hanyar Girei da Song, ka sani cewa babur ɗin da ke ƙarƙashinka ba irin wanda ka hau da safe ba ne. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne. Biyu sun kusa nauyin babur ɗin kansa. Idan aka ɗaure su can baya, gaban babur yakan yi sakayau, tayar gaba ba ta kama kwalta sosai, birki kuma sai ya ja tafiya kafin ya ci. A ra'ayinmu, wannan lodi shi ne babban haɗarin manomi a kan babbar hanya, domin ɗan birni ba ya fama da shi.

Tun da aka taƙaita hawan babur a cikin Yola da Jimeta a shekarun rikicin Boko Haram, keke Napep ya gaji acaɓa a gari. Babur ya koma abin hawan mutumin karkara da malamin gona, a kan hanyoyin da tirela da tankar mai suke bi. Nan kuwa ba a yi wa ƙarami uzuri. Iskar da tirela take turowa idan ta gifta ta isa ta karkatar da babur mai lodi, kuma direbanta ba ya ganinka idan ka manne a gefenta. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai hango ka ba.

Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a awa. Wasu na ganin wannan tafiyar hawainiya ce. To amma a wannan gudu ma, kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 14. A kilomita 80 kuwa, mita 22 ne. Ka auna wannan da garken shanu da zai ɓullo maka kusa da Ngurore ranar kasuwa, ga magariba ta yi, ga hazon hunturu, ga fitilar baya ta mutu tun bara.

Batun hular kwano ya sha dariya. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka. Ƙwarya ta fura ce. Bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna hula ta gari tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Sharaɗin shi ne a ɗaure igiyarta a haɓa. Zafin Yola a watan Maris ba ƙarya ba ne, amma bai kai zafin jinya a tsakiyar damina ba, lokacin da gona ke jiran noman farko, kuɗin taki kuma ya tafi asibiti.

Kai kuma malamin gona, manoma suna kallon yadda kake isowa ƙauye fiye da yadda suke sauraron bayaninka. Idan ka zo kai ba hula, da galan ɗin maganin feshi rataye a gaba da yaro a baya, ka gama koyarwa kafin ka sauka. Muna ganin ya dace a sanya wannan magana cikin taron manoma kamar yadda ake sanya maganar feshi: buhu ɗaya a kan babur, a ɗaure shi kusa da mazaunin direba, sauran kuma ƙungiya ta haɗa kuɗi ta ɗauki a-kori-kura. Maganin ƙwari kada ya haɗu da hatsi ko fasinja a tafiya ɗaya.

Idan haɗari ya auku, a kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Kada a fizgi wanda ya faɗi ko a murɗa masa wuya wajen ɗagawa. A tallafi kai da wuya su tsaya a miƙe har a kai shi asibiti.