Ɗan Jami'a A Bakin Barga

Ranar nan na je ɗaurin aure Dangamaji ta ƙasar Jega. Bayan an shafa fatiha an raba goro, muna zaune a inuwa, sai wani dattijo ya jawo ɗansa ya kawo mini ƙararsa. Yaron yana karatun kiwon dabbobi a jami'ar Aliero, saura shekara guda ya gama. Laifinsa kuwa shi ne, da aka tambaye shi aikin da zai nema in ya fita, sai ya ce shi aikin dawaki yake so. Uban ya dube ni ya ce, "Malam, shekara ukku ina saida albasa ina biya mai kuɗɗin makaranta, shi ƙare ga sharar kashin doki?" Jama'a suka fashe da dariya. Ni ma na yi, ba na ɓoyewa. Amma tun da na kamo hanyar gida abin yake cina, domin na nemi hujjar dariyar nan tamu na rasa. Shi ya sa na kawo maganar gabanku, akawuna da malaman makaranta, don ku ne yara ke neman shawara wurinku, ku ne kuma iyaye ke jin maganarku.

Abin da ya ba mu dariya, in mun faɗi gaskiya, shi ne mu a wurinmu aikin mai ilmi tebur ne da kujera da alƙalami. Duk aikin da za a yi shi a tsaye, hannu ya ɓaci, mun ɗauke shi na wanda bai ci jarrabawa ba. Alhali kuwa mu dubi sarautun da muke faɗuwa muna gaisarwa. Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki, daga ina sunansu ya fito? Shamaki fa, ba shi ne mai kula da bargar sarki ba tun asali? Kakannin masu karanta wannan jarida da yawa, zamanin En'e, a kan doki suka yi rangadi, hakimi a gaba, malamin haraji da na jangali a baya da jakar takardu. Mota ta zo ta karɓe wannan aiki, En'e kanta ta kau da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, doki ya koma abin ado. To, amma bai ƙare ba. Ana hawan Salla a kowace masarauta, ana hawan angwanci, ana sukuwa, 'yan sanda suna da rundunar masu dawaki. Ƙwallon dawaki, watau folo, wanda ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi, har yanzu ana buga shi a Katsina da Kaduna da Kano da Ikko. A watan Disamba na 1924 ba wanda zai yi tsammanin haka, amma a Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Dukan dawakin nan suna ci, suna sha, suna ciwo. Wa ke duba su?

Sai dai a nan tilas in raba wa yaron magana biyu, don kada ya ce na goya masa baya a kan kome. Hawan doki daban, aikin doki daban. In abin da yake so shi ne ya naɗa rawani ya yi kilisa da la'asar 'yan mata suna guɗa, to, ubansa ya fi shi gaskiya, wannan hanyar kashe kuɗi ce, ba ta samu ba. Aikin da ke ciyad da mutum yana ƙarƙashin sirdi: ciki, da kofato, da haƙori, da abin da ake zubawa a akurki.

Mu ɗauki ciki. Doki, duk girman nan nasa, tumbinsa ƙarami ne, kuma Allah bai halicce shi da iya amai ba. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai ta baya. In an sake shi a daji yakan yi sa'a 14 zuwa 16 cikin 24 yana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan. Mu kuwa sai mu ɗaure shi a turke yini guda, sa'an nan mu cika masa ƙwarya da dawa ko gero wai muna ƙaunarsa, musamman in Salla ta gabato ana so ya yi ƙiba. Ga yashi da yake haɗiya in an zuba masa harawa a ƙasa, ga leda da iska ke kawowa barga, ga ƙarancin ruwa, shi da ke bukatar lita 25 zuwa 40 a yini, da bazara ma fiye. Daga nan sai ka ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, gumi na zuba. Kafin gari ya waye dukiya mai yawa ta kwanta, a ce sammu ne ko kambun baka. Ciwon ciki yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki ko'ina a duniya, kuma mafi yawansa daga hannun mai ciyarwa yake farawa. Wanda ya karanta ilmin abincin dabbobi shekara da shekaru, ya san awon hatsi da na ciyawa, ashe ba shi da abin yi a nan?

Kofato kuma tsiro yake yi kamar farce, yana son gyara kowane mako 6 zuwa 8. In an bar shi ya yi tsawo ya tsage, doki ya fara ɗingishi, kuɗinsa ya faɗi. Haƙoransa ma fitowa suke ta yi, gefensu ya yi kaifi ya yanki kumatu, sai doki ya riƙa zubad da hatsi yana ramewa, mai shi yana ta sayen maganin tsutsa. A Ingila, tun dokar 1975, ba mai sa wa doki takalmin ƙarfe sai wanda aka yi wa rajista, bayan ya yi kamar shekara 4 yana koyo a hannun gwani. Mu a nan kowa da wuƙarsa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɗan barga da masanin abinci, sai likita. Doki yana cikin dabbobin da cutar sandarewar jiki ta fi saurin kamawa in ƙusa ta soke shi, alhali akwai allurar rigakafinta. Akwai cututtukan da kaska ke sawa. Akwai annobar dawaki da wasu 'yan ƙananan ƙwari masu cizo da almuru ke yaɗawa, wadda takan kashe har 9 cikin 10 na dawakin da jininsu bai saba da ita ba, irin waɗanda masu folo ke sayowa daga Ajantina da tsada. Wani abin da ban sani ba sai da na tsufa, shi kansa aikin likitan dabbobi a kan doki aka kafa shi. Makarantarsa ta farko a duniya, wadda aka buɗe a Liyon ta ƙasar Faransa bisa iznin da aka bayar a 1761, wani malamin koyad da hawa ne ya kafa ta, Claude Bourgelat.

Saboda haka hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Mai son zama cikakken likita sai ya nufi sashen likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka kafa a 1964, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan kusa da mu. Karatun shekara 6 ne, sa'an nan a yi wa mutum rajista kafin ya taɓa dabbar wani da sunan likita. Mai neman gajeren karatu akwai kwalejin lafiyar dabbobi a Vom, inda aka kafa tashar binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Shi kuwa yaron Dangamaji, karatun da ke hannunsa bai ba shi iznin likitanci ba, kuma ya kamata a gaya masa haka ƙarara. Amma ya ba shi abinci da kiwo. Ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama ƙasar harawa ce da dusa. Wanda ya iya tara harawar wake da ta gyaɗa da kaka, ya adana ta ba ruma, ya haɗa abincin doki mai awo ya kai birni da bazara, ba zai rasa mai saye ba. Haka nan kiwon goɗiya. Ciki wata 11 take yi, dukushi kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya yi kuɗi sosai, shi ya sa masu gaggawa ba su yi, muke ta sayen dawaki daga Nijar da Cadi da Sudan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Littattafan kiwo a ƙasar nan shanu ne da tumaki da kaji suka cika su, don su ne abinci, ba kuwa laifi ba ne. Doki 'yan shafuka ne. Yaro zai iya fita da takarda mai kyau bai taɓa ɗaga ƙafar ingarma ba, in ya matso ta baya a harbe shi. Mutanen Aliero sun fi kowa sanin wannan. Ana ɗauko mai karaya daga nesa a kawo shi wurin masu ɗorinsu, kuma ba wanda ya koyi ɗori da karatu kaɗai, sai da ya zauna gaban babba yana riƙe ƙafa shekara da shekaru. Ilmin doki na hannu yana wurin tsofaffin 'yan barga na gidajen sarauta, waɗanda ke duban haƙori su faɗi shekaru, su ji tafiyar doki daga bayan katanga su san wace ƙafa ke ciwo. Suna ta mutuwa ɗaya ɗaya, 'ya'yansu sun koma acaba. Ba na cewa duk abin da suke yi daidai ne. Na ga an ƙona kumburi da jan ƙarfe, na ga an yi wa doki ɗure ta hanci har ruwa ya faɗa masa huhu. Tsohon yana bukatar yaron kamar yadda yaron ke bukatarsa, amma yaron ne zai fara cire takalmi ya durƙusa, ya ɗauki tsintsiya. Sharar kashin nan da uban ke gudu, ita ce aji ɗaya, don a kashin ake fara ganin lafiyar ciki.

Kada kuma in yaudari kowa game da samu. Masu dawaki ba su kai masu shanu yawa ba, kuma da yawansu sun fi son kashe kuɗi a kan jalala da linzamin azurfa bisa ga biyan mai duba dokin. Ba ofishin da ke jiran yaro da kujera. Wanda ya zaɓi wannan hanya a ƙasar Kabi tilas ya haɗa da jakuna da raƙuma da shanun huɗa kafin sunansa ya kai Kaduna ko Kano, kuma shekarun farko za su yi masa ɗaci. Amma ku akawuna kun fi ni sanin yawan takardun neman aiki da ke jibge a ofisoshinku, an ɗaure su da zare, ba ranar buɗewa. Tsakanin wanda ke layin mutum dubu da wanda ke layin mutum biyar, ban ga dalilin yi wa na biyun dariya ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Malamin da yaro ya ce masa yana son dawaki, kada ya kashe masa gwiwa, ya tambaye shi hawa yake so ko aiki. Akawun da ke da hanya a fada, ya rubuta wa irin wannan yaro 'yar takarda zuwa ga mai kula da barga, don a karɓe shi lokacin hutu ko watannin koyon aiki da jami'a ke tura ɗalibai. Masarautu kuma, da ke kashe kuɗi mai yawa kowace Salla, ba zai gagare su ɗaukar yaro guda mai ilmi ya riƙe littafin barga ba, a rubuta ranar allura da ranar gyaran kofato da awon hatsin kowane doki.

Bayan mako biyu na sake bi ta Dangamaji na faɗa wa dattijon nan duk wannan, yaron yana tsugune gefe. Na ce hutun nan mai zuwa a bar shi ya tafi barga ya yi wata guda, in ya dawo yana son abin har yanzu, sai a san da gaske yake. Dattijo ya yi shiru, ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "To, Malam, na ji. Amma shi fara da jakina, ƙafatai guda ta daɗe tana ɗingishi."