Mizanin Darajar Sandar Kurket

Duk wanda ya shiga kantin kayan wasa a Ingila ko Indiya da niyyar sayen sandar kurket, zai tarar an kasa sandunan daraja-daraja, kuma sau da yawa farashin ta ɗaya yakan ninka na ta uku, alhali kuwa duka daga itacen wilo iri ɗaya aka sassaƙo su, wanda ake shukawa a bakin kogunan Essex da Suffolk na Ingila, a jira shekara 15 ko fiye kafin a sare.

Mizanin masu tantancewa, bisa al'ada, zahirin itacen ne: miƙewar layukan fuskarsa, kada su gaza 6 a daraja ta ɗaya, da rashin tabo. Amma a haƙiƙa, ƙarfin da sanda ke mayar da ƙwallo ya ta'allaƙa ga yadda aka danne itacen a masana'antu, irin na Meerut ko Jalandhar a Indiya, da haƙurin mai ita wajen shafa mata mai da bubbuga ta da gudumar katako. Saboda haka, a ganina, israfi ne ɗalibi ya nemi ta ɗaya. Maslaharsa ita ce ta uku wadda nauyinta ya dace da hannunsa, ko ta wilon Kashmir, mai nauyi amma mai rahusa.